Hoton ratsawar jini a ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa: yadda ake sarrafa shi, da kalmomin faɗinsa da Hausa

0. Gabatarwa

Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025, da aka zartar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Wannan matsayi ya ɗora wa masu nazarin harshe nauyin da bai tsaya ga littattafan firamare ba. Tilas ne harshen ya iya ɗaukar zancen likita har mai wuyarsa, domin marar lafiya ba ya zaɓen ciwon da kalmominsa suka riga suka samu.

Mutumin Icirnawa, cikin gundumar Kance, wanda ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yakan fara daga gidan likitan garinsu, a tura shi asibitin gunduma na Matamai, daga nan zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. In ana zaton ƙari ne a ƙwaƙwalwa, tafiya na iya kai shi Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram, ko kuwa Kano. A kowane zango da Hausa yake kai kukansa, amma takardar sakamako da Faransanci ko Ingilishi take dawo masa. Bisa bayanin da wani ya fassara musu a tsaye ne danginsa za su yanke shawarar sayar da bisashe ko jinginar da gona don a yi aiki.

A cikin wannan ƙasida mun ɗauki gwaji guda ɗaya, watau wanda likitocinmu ke kira IRM de perfusion. Za mu bayyana abin da yake aunawa da matakan da kwamfuta ke bi ta mai da awon taswira, sa'an nan mu duba inda kalmomin yau da kullum ke iya ɓad da mai sauraro, mu kawo waɗanda muke ganin sun fi dacewa.

1. Abin da na'urar ke aunawa

1.1. Na'urar IRM babban maganaɗisu ce mai rami a tsakiya, inda ake kwantar da marar lafiya. Ƙarfin waɗanda aka fi amfani da su tesla 1,5 ne ko tesla 3. Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne, a cikin ruwan kuwa akwai ƙwayoyin haidurojin waɗanda ke jeruwa idan sun shiga maganaɗisu. Na'urar takan aika musu igiyar rediyo ta karkata su, in ta tsaya su komo yadda suke, suna sakin wata ƴar amsa da ake kamawa. Daga ƙarfin wannan amsa ake gina hoto. Paul Lauterbur na Amurka ne ya nuna hanyar a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya gano yadda za a hanzarta ɗaukar, aka ba su kyautar Nobel tare a 2003.

1.2. Hoton IRM na kullum yana nuna siffar ƙari da girmansa da wurin da yake. Sai dai siffa kaɗai ba ta cika bayyana halinsa ba. A 1971 Judah Folkman ya kafa hujjar cewa ƙari ba ya girma ya wuce ƴan milimita sai ya jawo wa kansa sababbin hanyoyin jini. Ƙari mai saurin yaɗuwa yana da irin waɗannan hanyoyi da yawa, a murɗe, bangonsu kuma yana yoyo. Ashe ke nan in an auna jinin da ke ratsa wurin, an sami wata alama ta muninsa.

Manomin rake na kwarin Korama ba zai sha wuyar gane wannan ba. Fili biyu na iya zama faɗi ɗaya, amma wanda ya fi yawan ƙananan magudanai shi ya fi shan ruwa. Wanda ya zuba shuni a bakin rijiya ya tsaya yana kallon yadda launin ke isa kowane fangali, da yawansa, da daɗewarsa kafin ya wuce, ya san rabon ruwan garkar duka ba tare da ya tona ko'ina ba.

1.3. Hanyoyin awon guda uku ne. Ta farko, wadda ake taƙaitawa da haruffan DSC, ita ce aka fi bi wajen ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma a kanta za mu daɗe. Ana tura wani ruwa mai ɗauke da ƙarfen gadoliniyom cikin jijiyar hannu da sauri, mililita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, na'urar tana ɗaukar kan gaba ɗaya kowace daƙiƙa ɗaya da rabi ko kusa da haka, har wajen minti biyu. Yayin da ruwan ke wucewa ta ƙananan hanyoyin jini, yakan dagula maganaɗisun wurin, hoton ya yi duhu na ɗan lokaci, sa'an nan ya washe. An fara yarda da amfani da ruwan gadoliniyom a asibitoci a 1988, ƙungiyar Bruce Rosen ta Boston kuma ta shimfiɗa tushen wannan awo wajen 1990.

Ta biyu, DCE, tana bin ruwan na tsawon mintoci da dama don a auna yawan yoyonsa daga jijiya zuwa nama, bisa lissafin da Paul Tofts ya fitar a 1991. Ta uku, ASL, wadda John Detre da Donald Williams da abokan aikinsu suka bayyana a 1992, ba ta bukatar allura: igiyar rediyo ce ke sa wa jinin wuya alama kafin ya hau kai. Tana da amfani ga yara da masu ciwon ƙoda, sai dai amsarta ba ta da ƙarfi.

2. Matakan sarrafa hoton

Abin da ke fitowa daga na'urar tarin hotuna ne da idon mutum ba zai iya karantawa ba. A ce an raba kan falle 20, an ɗauki kowane falle sau 60: hotuna 1200 ke nan. Kowane falle kuma, in layinsa 128 ne a tsaye 128 a kwance, yana da ƙwayoyin hoto 16 384. Kowace ƙwaya tana da nata labarin duhu da washewa, kwamfuta kuwa sai ta bi su ɗaya ɗaya.

2.1. Daidaita fallaye. Ko numfashi na iya gusar da kai kaɗan. Idan ba a mai da hotunan duka mazauni ɗaya ba, ƙwayar da ke kan ƙari a daƙiƙa ta 10 za ta koma kan lafiyayyen nama a daƙiƙa ta 40, lissafi ya lalace. Don haka ake juya kowane hoto ana gusar da shi har ya hau kan na farko. Har wa yau ana ɗora jerin duka bisa hoton siffa mai kaifi, domin a san ainihin wurin da kowane awo ya fito.

2.2. Mai da duhu yawan ruwa. Hotunan da aka ɗauka kafin ruwan ya iso su ne ma'auni. Ana gwada amsar kowace daƙiƙa da wannan ma'auni, a bi ta lissafin logaritim, a raba da wani ɗan lokaci da aka saita wa na'urar. Sakamakon layi ne mai tashi ya sauka kamar tudu, tsawonsa a kowane lokaci yana tafiya daidai da yawan ruwan da ke cikin ƙwayar.

2.3. Fid da zagaye na biyu. Jini zagayawa yake yi, saboda haka bayan tudun farko ruwan yakan komo ya yi ƙaramin tudu na biyu. Wasu manhajoji sukan ɗora wa tudun farko wani sanannen layin lissafi, mai suna gama, su yar da sauran.

2.4. Auna faɗin tudu. Faɗin filin da ke ƙarƙashin tudun shi ne ke nuna yawan jinin wurin. Da yake awon ba shi da tsayayyen mudu, akan gwada shi da na farin naman ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen, mai lafiya. Misali, in na ƙari ya ba da 6, na gefen lafiya ya ba da 2, sai a rubuta 3, watau ninki uku. Wannan adadi shi ne wanda ya fi fitowa a takardar sakamako.

2.5. Gyaran yoyo. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa akwai shinge tsakanin jini da nama wanda ke hana gadoliniyom fita. Mugun ƙari yakan karya wannan shinge, ruwan ya tsiyaya cikin nama. Wanda ya tsiyaya kuwa yana iya haska hoton a daidai lokacin da na cikin jijiya ke duhunta shi, tudun ya fito ƙarami, a ɗauka jinin wurin kaɗan ne alhali yana da yawa. Kuskuren ya fi aukuwa a ƙarin da ya fi haɗari. Magani biyu ake haɗawa: a ba da wani kashi na ruwan ƴan mintoci kafin awon don naman ya riga ya ƙoshi, sa'an nan a yi lissafin da Jerrold Boxerman da Kathleen Schmainda da Robert Weisskoff suka wallafa a 2006, wanda ke gwada layin kowace ƙwaya da na naman da ba ya yoyo, ya cire bambancin.

2.6. Warwara. Yawan jini daban, gudunsa daban. Don a san gudun, sai an san yadda ruwan ya shigo kan tun farko, domin allurar wani ta fi ta wani sauri, zuciyar wani ta fi ta wani ƙarfi. Ana zaɓen ƴan ƙwayoyi a kan babbar jijiyar da ke kai jini, a ɗauki layinsu a matsayin awon mashiga. Layin kowace ƙwayar nama tamkar igiya ce da aka tufka da zare biyu, na mashiga da na naman kansa. Aikin kwamfuta shi ne ta warware tufkar ta fid da zaren naman. Hanyar da Leif Østergaard na Danmak ya bayyana a 1996 ita ce ta fi yaɗuwa. Lissafi ne mai saurin ruɗewa da ƙurar hoto, kuma in ruwan ya makara kafin ya isa wani wuri, yakan rage gudun da ya kamata ya nuna.

Awo uku ne ke fita, dangantakarsu kuwa mai sauƙi ce: lokacin ratsawa shi ne yawan jini a raba da gudunsa. A lafiyayyen babba, kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa yana samun wajen mililita 50 a minti, yana riƙe da wajen mililita 4. In an raba 4 da 50, jinin yana ratsa wurin cikin daƙiƙa 5 ko ƙasa kaɗan.

2.7. Shata iyaka da rina taswira. A ƙarshe ana shata iyakar ƙarin, da hannu ko da manhaja, a kauce wa manyan jijiyoyi waɗanda dole awonsu ya yi sama. Sa'an nan a ba kowane adadi launi. Bisa al'ada ja ne mai yawa, shuɗi mai kaɗan, kore da rawaya a tsakani. Launin zaɓin mai manhaja ne, ana iya sauya shi da taɓa maɓalli ɗaya.

3. Abin da taswirar ke iya faɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya tana raba ƙarin ƙwaƙwalwa daraja huɗu, daga 1 mai sauƙi zuwa 4 mafi muni. A 2003 Meng Law da abokan aikinsa a New York suka duba marasa lafiya 160 masu ƙarin da ake kira giliyoma, suka ga cewa in an sa iyaka a ninki 1,75, awon yana kama 95 cikin 100 na masu daraja ta sama. Amma kuma wajen huɗu cikin goma na masu daraja ta ƙasa su ma sun haura iyakar. Wannan adadi na biyu ya kamata mai fassara ya riƙe, domin shi ne ke hana a ce wa dangi ja a taswira hukuncin mutuwa ne. Ƙarin da ke fitowa daga mayafin ƙwaƙwalwa, meninjiyoma, yakan yi ja wur, alhali galibinsa mai sauƙi ne kuma ana iya cire shi.

A ƙasashenmu awon yana da wani amfani na musamman. Dunƙulen da tarin fuka ke haifarwa a ƙwaƙwalwa, da maruru mai mugunya, da cutar toksoplasma ga masu ƙanjamau, duk suna iya kama da mugun ƙari a hoton siffa. Yawanci jinin wurinsu kaɗan ne, kuma da ƙwayoyin magani ake warkar da mafi yawansu. Haka nan bayan an gasa ƙari da haske, irin aikin da cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara a 2021, wurin na iya kumbura kamar ciwon ya dawo. Awon jini na taimakawa a bambanta naman da ya mutu da ƙarin da ya sake tsirowa. Duk da haka, tabbacin irin ƙari sai an ɗebi ɗan nama an duba, kuma rabe-raben da Hukumar ta fitar a 2021 sun dogara ƙwarai da gwajin ƙwayoyin gado.

4. Inda kalmomi ke tuntuɓe

4.1. Babban tarko yana cikin sunan gwajin kansa. A bakin ma'aikatan asibitinmu da marasa lafiya, kalmar perfusion ma'anarta ɗaya ce, watau ƙarin ruwa. Mai fassarar da bai san fannin ba zai ce za a yi hoto da ƙarin ruwa, marar lafiya ya sa ran jin sauƙi bayan an gama. A nan kuwa kalmar tana nufin yadda jini ke shiga nama ta ƙananan hanyoyi. Ana iya sha'awar ƙera ban-jini bisa ƙirar ban-ruwa, kuma ma'anar ta dace sarai, amma kunne zai kai shi ga ba da jini. Mun zaɓi ratsawar jini, domin ratsa tana ɗauke da shiga da wucewa gaba ɗaya.

4.2. Kalmar ƙari a rubutun boko tana da fuska biyu: dunƙulen da ya fito a jiki, da kuma daɗi a kan abu. Dubi waɗannan:

(1) An sami ƙarin jini.
(2) An sami ƙarin jini a ƙarin.
(3) Jinin da ke ratsa ƙarin ya ninka na gefen lafiya sau uku.

Jimla ta (1) za a fahimce ta a kan an sa wa mutum jinin wani. Ta (2) daidai take a nahawu amma sabon mai karatu zai tsaya cik. Ta (3) ta fi tsawo, ita ce kuwa ba ta da harshen damo. Ƙa'idar da muke ba da shawara ita ce, a rubutun da ya shafi wannan ciwo a keɓe ƙari ga dunƙulen kawai, a yi amfani da ninki ko yawa ko daɗuwa ga ɗaya ma'anar.

4.3. Kada a sa kumburi a madadin ƙari, domin likita na bukatar kalmar ga ruwan da ke taruwa kewaye da ƙarin, wanda shi ma yana fitowa a hoto kuma maganinsa daban. Kada kuma a ce daji ko sankara ko kansa sai an tabbatar, tun da ba kowane ƙari ne kansa ba.

4.4. Jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da igiyar ji da motsi da kuma agara. A zancen ƙwaƙwalwa, inda biyun farko ke tare, tilas a riƙa cewa jijiyar jini ko hanyar jini. Haka nan yawan jini da hawan jini da awon jini da ɗibar jini duk sun riga sun sami ma'anarsu a asibiti, shi ya sa muka ƙara kalmar wuri, muka ce yawan jinin wuri.

4.5. Fassarar coupe kai tsaye ita ce yanka. Ba sai an faɗi abin da zai zo zuciyar wanda aka ce za a yi wa kansa yanka ashirin ba. Falle, kamar fallen takarda, ya wadatar. Ruwan gadoliniyom kuma, in an kira shi magani, an yi alkawarin warkarwa. In an kira shi ruwan haske, an saɓa wa abin da yake yi a wannan awo, tun da duhunta hoton yake yi. Ruwan shaida ya fi, kamar shaidar da ake yi wa dabba don a gane ta cikin garke.

5. Jerin kalmomin da ake ba da shawara

IRM : hoton maganaɗisu
perfusion : ratsawar jini
produit de contraste : ruwan shaida
coupe : falle
voxel : ƙwayar hoto
signal : amsa
bruit : ƙurar hoto
recalage : daidaita fallaye
volume sanguin : yawan jinin wuri
débit sanguin : gudun jini
temps de transit : lokacin ratsawa
fonction d'entrée artérielle : awon mashiga
déconvolution : warwara
correction de fuite : gyaran yoyo
segmentation : shata iyaka
œdème : kumburi

Duk kalmomin daga cikin harshen aka ɗauko su, an kuma rubuta su bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999. Sunayen sinadarai da na irin ƙari, kamar gadoliniyom da giliyoma, mun bar su aro, domin likita ne kaɗai ke bukatarsu, kuma kusancinsu da asali zai sauƙaƙa masa.

6. Ga masu tsara yaƙi da jahilci

Ɗalibin ajin manya ba ya bukatar warwara ko awon mashiga. Waɗannan na ɗaliban likita ne da masu fassara. Abin da ya kamata ya shiga ƙaramin littafin karatu abu huɗu ne. Na farko, alamomin da ke sa a tafi asibiti ba da jinkiri ba: ciwon kai mai ƙaruwa wanda ya fi tsanani da safe tare da amai, farfaɗiyar da ta fara wa babba karon farko, mutuwar ɓarin jiki a hankali, raguwar gani, da sauyin hali, wanda sau da yawa akan jingina wa iskoki. Na biyu, abin da zai tarar: na'ura mai ƙara sosai, kwanciya ba motsi wajen rabin awa ko fiye, ba yanka ba zafi sai tsinin allura. Na uku, abin da tilas ya faɗa wa ma'aikaci kafin ya shiga: ƙarfe a jiki ko a cikin laya, ciwon ƙoda, juna biyu. Na huɗu, cewa launin taswira awo ne, likita ke haɗa shi da sauran shaidu.

Kafin a buga jerin da ke sama, ya kamata a gwada shi a azuzuwan manya na Icirnawa da Kance da Matamai, a karanta jimlolin a ji abin da masu sauraro suka fahimta, a kuma miƙa shi ga likitocin hoto na Damagaram da Yamai da Kano, domin marar lafiyan da ya ƙetare iyaka ya tarar da kalmomin da ya baro a gida. Muna roƙon masu karatun wannan mujalla da ke aiki a Maradi da Tawa da Dogon Dutsi su aiko da yadda ake faɗin ƙari da kumburi da jijiya a karin harshensu, don a sa su cikin jerin kafin a tsai da shi.